Cek ɗin da ya dawo: a ɗaure macuci, a buɗe wa wanda ya karye ƙofa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu ba da kaya bashi, daga Kantin Kwari har Singa, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya sosu. Mai kaya zai ce da mai ɗauka: "Alhaji, ba sai mun tsaya rubuce-rubuce ba. Rubuta mini cek kawai, ka sa kwanan ƙarshen wata mai zuwa." Da Alhaji ya juya baya, sai ya miƙa wa yaron shago takardar ya ce: "Adana wannan. Ran da ya yi mana wasa, hukuma ce za ta karɓo mana kuɗinmu."

Su biyun sun san babu wannan kuɗi a asusun ranar da aka sa hannu. Mai kaya bai karɓi cek ɗin don ya zama biya ba, ya karɓe shi ne don ya riƙe wuyan abokin cinikinsa. Shi kuma mai ɗauka ya sa hannu yana fatan kasuwa za ta yi kyau kafin ranar.

Matsayina shi ne: wanda ya rubuta cek yana sane cewa ƙarya yake yi, don ya kwashi kayan mutane ya gudu, a ɗaure shi, ba ni da ja. Amma ɗan kasuwar da ya karye tsakani da Allah, a Najeriya ba shi da wata ƙofar doka mai aiki da zai shiga ya ce ga abin da ya rage mini, a raba wa masu bina. Da yake babu wannan ƙofa, ofishin 'yan sanda ya zama kotun karayar arziki. Kuma wanda wannan tsari ya fi cuta, bayan shi mai bashin, ƙananan masu bin sa ne.

Abin da ke biyo bayan dawowar cek

Da yawa suna sa hannu ba su san nauyin abin ba, don haka bari a zayyana.

Dokar da ke hukunta wannan laifi ta 1977 ce, tun zamanin mulkin soja na Obasanjo. Ta ce duk wanda ya karɓi kaya ko bashi ta hanyar cek, aka kai cek ɗin banki cikin wata uku daga kwanan da ke jikinsa, banki ya ƙi biya saboda babu kuɗi ko kuɗin bai kai ba, ya yi laifi. Hukuncin mutum ɗaurin shekara biyu ne, babu zaɓin tara. Idan kamfani ne, tarar da ba ta gaza naira 5,000 ba, kuma daraktan da aka yi abin da saninsa shi ma ana iya gurfanar da shi. Babbar kotun jiha ce ke sauraron ƙarar.

Wani wurin da mutane ke ruɗar kansu shi ne tsohon bashi. Sai ka ji ana cewa ai kayan tun bara na ɗauka, cek ɗin daga baya na rubuta, don haka bai shafe ni ba. Ya shafe ka. Dokar ta ɗauki cek ɗin da aka bayar don sauke wani nauyi na yarjejeniya tamkar an karɓi bashi da shi ne.

Kariya ɗaya dokar ta bari: mai cek ya gamsar da kotu cewa lokacin da ya rubuta yana da ƙwaƙƙwaran dalilin da ya sa ya yi imani za a biya, kuma ya yi imanin da gaske. "Ina sa ran Allah zai kawo" ba ya wadatarwa a gaban alƙali. Abin da ke wadatarwa takarda ce: shaidar kwangilar da za a biya ka kafin ranar, ko wasiƙar banki ta amince maka da cirar fiye da abin da ke asusu, ko bayanin asusu da ke nuna irin waɗannan kuɗi sun saba shigowa a irin wannan lokaci.

Kafin ma a je kotu, banki ya riga ya yi nasa. Jadawalin cajin da Babban Banki ya fitar ya ba banki damar cire kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin cek ɗin, ko naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Cek na miliyan 8 ya dawo, an ɗora maka naira 80,000 a kan asusun da dama babu komai a ciki. Tun daga 2013 kuma Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa kai rahoton masu maimaita wannan hali. Wanda cek ɗinsa ya dawo sau uku, a karɓe ragowar takardun cek da ke hannunsa, a hana shi amfani da cek tsakanin bankuna shekara biyar, a hana shi bashin banki shekara biyar, a tura sunansa hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Da BVN a hannu, canza banki ba ya ɓoye kowa.

Har nan ban ga abin kuka ba. Wanda ya yi sau uku ya nuna hali.

Inda abin ya karkace

Matsalar tana tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ake yi da ita. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa 'yan sanda da EFCC ba hukumomin karɓar bashi ba ne. To amma da zarar akwai cek a tsakani, bashi ya rikiɗe ya zama laifi, ƙofar kamu ta buɗe. Shi ya sa mai kaya ke nacewa sai cek, ko da taransifa ta fi sauƙi.

Abin da ke faruwa bayan kamun kowa ya san shi. Ba a cika kai wa ga shari'a ba. Ana tsare mutum ne har 'yan uwa su haɗo wani abu. A sayar da fili a rabin kuɗinsa saboda gaggawa, a kai gwal ɗin uwargida kasuwa, ƙane ya ciyo bashi mai ruwa a wani wuri. Sai a rubuta alkawari a kan teburin ɗan sanda cewa za a cika saura nan da wata biyu, sau da yawa ma a sake rubuta wani sabon cek ɗin. Wato an fito da shi daga rami an tsayar da shi a bakin wani.

A ɗauki misali da lissafi. A ce ɗan kasuwa ana bin sa miliyan 40 tsakanin mutum biyar, duk abin da ya mallaka, kaya da mota da bashin da shi ma yake bi, bai wuce miliyan 16 ba. Idan aka raba da adalci, kowa zai samu kwabo 40 a kowace naira. Amma ɗaya daga cikinsu yana riƙe da cek na miliyan 12, kuma ya san wanda zai kira a waya. Ya kama, ya karɓi nasa cif. Saura miliyan 4 ga mutum huɗu masu bin miliyan 28, wato kwabo 14 a naira. Su wane ne waɗannan huɗun? Galibi bazawarar da ta ba shi kuɗin gadon marayu ya juya mata, da malamin makarantar da ya zuba kuɗin sallamarsa, da masu adashi, da ƙaramin dilan da ya ba shi kaya bisa amana. Ba su karɓi cek ba saboda sun yarda da shi. Tsarin da muke kai yanzu yana hukunta su ne a kan yardar da suka yi.

Dokar da ke kwance tun 1979

Za a ce ai akwai dokar karayar arziki. Akwai, ta 1979, an ɗan taɓa ta a 1992. A takarda ta tanadi abin da ake buƙata: mai bin bashi ko shi mai bashin ya shigar da buƙata, kotu ta ba da umarnin riƙe dukiyarsa, jami'in kotu ya tattara, a kira taron masu bi, a bar masa tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a, a raba saura gwargwadon bashin kowa. Har ta ba da damar warware biyan da aka yi wa wani mai bi don a fifita shi cikin wata uku kafin shigar da ƙara. Wannan shi ne maganin misalin da na kawo.

Sai dai ka zagaya kasuwa ka tambaya wa ya taɓa ganin an bi ta wannan hanya. Dalilan a fili suke. Tsarin mulki ya keɓe wannan shari'a ga Babbar Kotun Tarayya kaɗai, wadda mazauninta yawanci a babban birnin jiha yake. Ɗan kasuwar Gumel ko Malumfashi da ya rasa kuɗin cefane, da me zai ɗauki lauya ya yi ta zirga-zirga? Alƙaluman dokar ma sun tsufa: mafi ƙarancin bashin da za a shigar da ƙara a kansa naira 2,000 ne, adadin da aka sa lokacin da naira ta fi dala daraja.

Sannan duk wanda kotu ta ayyana ya karye, kafin a wanke shi, ba zai zama daraktan kamfani ba, ba zai shiga cikin masu kafa kamfani ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ba. Waɗannan ba laifi ba ne a karan kansu, kusan ko'ina haka ake. Amma a wasu ƙasashe an san ranar fita. A Ingila, tun 2004, yawanci shekara ɗaya ce a sallame ka. A Amurka, wanda ya bi hanyar sayar da kadara a raba, cikin 'yan watanni ake yafe masa yawancin bashin, tabon ya zauna a tarihin bashinsa shekara goma. Mutum ya san abin da zai rasa da abin da zai samu. A nan kuwa ya san abin kunyar da kuɗin lauya kawai.

Abin takaici, kamfanoni an duba su. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo hanyoyin ceto kamfanin da ya shiga matsi, a dakatar da masu bi, a zauna a yi tsarin biya. Majalisar Tarayya ta takwas ta amince da sabon ƙudurin karayar arziki, shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Ga shi mafi yawan cinikin Arewa ba da sunan kamfani ake yin sa ba. Mutum ne da shagonsa da sunansa, bashin shago bashin gidansa ne.

"In ba tsoron ɗauri, ba mai biya"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Mai kaya da ya kai ƙarar bashi kotu yana iya shekara uku yana jiran hukunci, ya samu hukuncin ma ya rasa abin kamawa. Dole ya nemi abin da ke cizo.

Amma a duba me ɗaurin ke samarwa. Macuci na gaske, wanda ya shirya cuta tun farko, kafin cek ya dawo ya kashe waya ya bar gari. Wanda ake samu a shago a kama shi ne wanda bai gudu ba. Kuma ran da aka rufe shi shekara biyu, shagon ya mutu, masu bin sa sun yi asarar hanya ɗaya tilo da za a biya su. Kotu tana iya umartar a biya diyya, amma daga ina?

Wasu ƙasashe sun gano haka. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun san yadda cek ke kai mutum kurkuku a can a da. Daga Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta cire mafi yawan irin wannan daga sahun laifuka, ta bar hukunci ga masu zamba da gangan. A maimakonsa cek ɗin da ya dawo ya zama takardar zartarwa: mai shi ya wuce kai tsaye wurin alƙalin zartar da hukunci a kama kadara, kuma dole banki ya biya shi iya abin da ke cikin asusun. Wannan ya fi ɗauri cizo, don kuɗi yake kamawa. A maƙwabciyarmu Nijar, ƙa'idar ƙasashen sefa ta 2002 tana ba wanda cek ɗinsa ya dawo karon farko kwana 30 ya gyara kafin a hana shi rubuta cek shekara biyar. Indiya ta riƙe ɗaurin har shekara biyu, amma sai an aika wa mutum takardar neman biya an ba shi kwana 15. Ko da hakan, miliyoyin ƙararrakin cek sun cushe kotunanta, abin da ke nuna mayar da kowane bashi laifi ba ya sa a biya da wuri.

Dokarmu ba ta ba da ko kwana ɗaya na gyara ba. Kuɗinka ya makale a taransifa ranar Juma'a, cek ya shiga ranar Litinin da safe, a ƙa'ida an riga an sami abin tuhumarka.

"Mayaudara za su fake da ita"

Za su gwada. Wani zai mayar da gida sunan matarsa, ya kai kaya shagon ƙaninsa, ya zo kotu yana share hawaye. Amma yau ma haka suke yi, kuma babu mai ikon bincika. Tsarin karayar arziki mai aiki shi ne ke tilasta mutum ya bayyana dukiyarsa bisa rantsuwa, a bi asusunsa ta BVN, a warware kyautar da ya yi dab da faɗuwa, in an kama shi da ɓoyo a ɗaure shi da hujja. Tun Agustan 2020 bankuna na da izinin zarar kuɗi daga duk asusun wanda ya ƙi biyan bashinsu a kowane banki. Na'urar bin diddigin tana nan, bankuna kaɗai take yi wa aiki.

"Bashi ba ya mutuwa a Musulunci"

Gaskiya ne, kuma a nan akwai bambanci na haƙiƙa da tsarin Turawa. A fiƙihu, raba dukiyar wanda ya karye ba ya goge ragowar bashin, yana nan a wuyansa har ya samu. Amma a karanta babin gaba ɗaya. Aya ta 280 a Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Hadisin da ya kira jinkirin biya zalunci, mawadaci ya ambata. Malaman Malikiyya sun rarrabe: wanda aka san yana da shi ya ɓoye, a tsare shi har ya fito da shi, wanda ba a san halinsa ba, a bincika, wanda ta tabbata ba shi da komai, ba a tsare shi. Alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, a bar masa abin ci da sutura, a raba saura gwargwadon haƙƙin kowa, wanda ya tarar da ainihin kayansa ba a taɓa ba ya fi kowa cancantar ɗauka. Waɗanda ake bi bashi kuma suna cikin rukunin mutane takwas da aka ambata a rabon zakka.

Wato abin da nake nema, rabo daidai da hana tsare wanda ba shi da shi, ya girmi dokar 1979 da ƙarnuka a wannan ƙasa. A yi dokar ta yadda bayan wa'adi kotu za ta daina bin sa, abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa kuma ya biya in ya samu. Mutanen da suka karye bayan gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016, ko ambaliyar Kwari a 2022, ko waɗanda suka ɗauko kaya da dala tana ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 suka zo biya ta haura 1,500 a 2024, ba ɓarayi ba ne.

Kafin a gyara doka

Mai rubuta cek: kada ka taɓa sa hannu a kan wanda ba a cike adadi da kwanan wata ba. Idan ka ga ranar ta matso kuɗi bai haɗu ba, rubuta wa mai riƙe da shi kafin ranar, a takarda ko saƙon waya da za ka adana, ka nemi ya dakata, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa. Idan ka biya wani ɓangare, karɓi tsohon cek ɗinka a hannu ka rubuta sabo na abin da ya rage. Da yawa sun biya rabi ta taransifa suka bar cek na cikakken kuɗi a hannun mutum, daga baya aka shigar da shi. Umartar banki ya tsayar da biya alhali asusun babu kuɗi ba ya wanke ka, don za a duba abin da ke ciki ranar da aka gabatar.

Mai karɓa: duba adadin da ke cikin lambobi ya dace da na kalmomi, babu gogewa, sa hannun mai asusun ne. Cek ɗaya ba ya wuce miliyan 10 a tsakanin bankuna, in kuɗin ya fi haka a raba. Ka shigar cikin wata uku in kana son dokar 1977 ta yi maka aiki. Bayan wata shida ma banki ba zai karɓa ba sam. In ya dawo, riƙe takardar da ke nuna dalili, don alamar DAR da bankuna ke bugawa tana cewa ne kawai a nemi mai cek, sai an haɗa da bayanin asusunsa kafin a tabbatar rashin kuɗi ne. Sannan aika takardar neman biya. Cek ɗin da ya dawo hujja ce mai ƙarfi a ƙarar bashi, kuma Kano na da kotunan ƙananan basussuka tun 2019, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60.

Ƙungiyoyin kasuwa kuma ba sai sun jira Abuja ba. Dama su ake kai wa ƙara idan ɗan layi ya karye, sai dai ana yi ne da baki, mai ƙarfi ya rinjaya. Su mayar da shi rubutacce: ran da mutum ya bayyana ya kasa, a kafa sanarwa a ba masu bi mako biyu su kawo shaidarsu, a ƙirga kayan shago gaban shaidu uku, a rubuta bashin da shi ma yake bi a waje, a fitar da kason kowa a naira. A kai yarjejeniyar cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha ko gaban alƙalin shari'a a sa mata hannu don ta zama abin zartarwa. Sharaɗin shiga rabon kuwa, duk mai riƙe da cek ɗin mutumin ya ajiye shi a hannun kwamiti har a gama biya.